"Jijiya Mai Zurfi": Ina Zurfin Yake?

Jiya wani ɗalibina a nan Daudawa ya nuna min wani saƙon faɗakarwa kan lafiya da ke yawo a WhatsApp. Ga jimlar da ta tsaya min a rai: "Gudan jini a jijiya mai zurfi ta hannu na sama yana da haɗari." Niyyar mai fassarar tana da kyau, amma ya yi tuntuɓe sau uku.

Na farko, "hannu na sama". Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ai damtse ne. Me ya kai mu zagaye alhali ga kalma a gida?

Na biyu, "mai zurfi". Rijiya ce ke da zurfi, haka rami da kogi, domin zurfin a jikinsu yake. Ita kuwa jijiyar nan, wurin da take kwance ne ke can ciki. An saka sifa inda ake buƙatar bayanin wuri.

Na uku shi ne mafi muni. "Jijiya" a Hausa ta haɗa mai ɗaukar jini, da mai kai saƙon ji, da mai ɗaure tsoka da ƙashi. Wadda saƙon ke nufi ta jini ce. A cikin tsokar damtse akwai guda biyu masu mayar da jini zuwa zuciya. Suna tafe gefe da gefen babbar jijiyar da ake auna hawan jini a kanta, su haura ta hammata. Idan jini ya daskare a cikinsu, hannu kan kumbura, ya yi nauyi da zafi, kuma gudan na iya ɓallewa ya toshe hanyar jini a huhu.

To, manomin da ya wuni yana huɗa, ya ga hannunsa ya kumbura, ya ji an ce "jijiya", wurin mai tausa zai nufa. Murza irin wannan hannun kuwa ganganci ne.

Da ni ne, cewa zan yi: "Daskarewar jini a jijiyoyin jini na cikin damtse na iya kisa. In hannu ɗaya ya kumbura haka kawai, kada a murza, a garzaya asibiti."

Ɗalibai, wa ke da fassarar da ta fi wannan gajarta, ba tare da ma'ana ta zube ba? Bismillah.