AOT40: Ma'aunin da ke kallon iska, ya bar ganye

Ozon da ke can sararin sama yana tare mana hasken rana mai cutarwa, amma wanda ke nan ƙasa inda muke numfashi guba ne. Hayaƙin motoci da na masana'antu ne ke haɗuwa a cikin zafin rana su haifar da shi. Tun shekarun 1950 aka lura ganyen itatuwan fayin a tsaunukan San Bernardino, gabas da Los Angeles, yana yin ɗigo-ɗigon rawaya yana zubewa, daga baya bincike ya nuna ozon ne.

To, ya ake gane daji yana cikin haɗari? A Turai an daɗe ana amfani da AOT40. Lissafinsa ba wuya: a kowace awa ta rana, in ozon ya wuce kashi 40 cikin biliyan, sai a ɗauki rarar. Awar da ta kai 55 ta ba da 15, wadda ta tsaya a 39 ba ta da komai. A tara daga Afrilu zuwa Satumba. In jimillar ta haura 5,000, an ƙetare iyakar da aka sa wa dazuzzuka a ƙarƙashin yarjejeniyar Janeba ta 1979 kan gurɓatar iska.

A ganina matsalar tana nan: ma'aunin yana auna abin da ke cikin iska ne, ba abin da ya shiga bishiya ba. Ozon ba ya yin ɓarna sosai sai ya bi ta ƙananan ƙofofin ganye, waɗanda bishiya ke buɗewa don ta ɗauki iskar kabon. In ƙasa ta bushe, sai ta rufe su don kar ta rasa ruwa. Shi ya sa daji a kudancin Sifen zai iya samun AOT40 mai tayar da hankali a watan Yuli, alhali ƙofofin a rufe suke. Wani daji kuma a Suwidin, mai danshi da doguwar rana, yana ta shaƙar ozon mai kashi 35 awa bayan awa, lissafi na cewa lafiya lau. Ƙari a kan haka, iyakar 5,000 ɗin daga gwajin ƙananan itatuwa a ɗakunan gwaji ta fito, ba daga tsofaffin dazuzzuka ba.

Akwai madadi, POD1, mai ƙiyasta yawan ozon da ya shiga ganyen. Ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma ƙiyasi ne na kwamfuta: yana buƙatar danshin ƙasa, zafi, laima da haske, kuma bai gama lissafa yadda kowane irin itace ke kashe gubar a cikinsa ba. AOT40 kuwa na'ura ɗaya ta ishe shi. Ina jin wannan arhar ce ta sa dokar ingancin iska ta Tarayyar Turai ta 2008 ta riƙe shi.

Duk mai son kwaso ma'aunin zuwa Afirka ta Yamma ya yi hattara. A nan ozon yakan tashi da rani, lokacin ƙona daji, daidai sa'ad da itatuwa da yawa suka kakkaɓe ganye. Gawo kuwa a lokacin ne yake cike da nasa.