Jinjina ga 'Yan Amshin Ɗanƙwairo

Idan dattawan Gwandu da Kalgo suka zauna bayan sallar La'asar suna muhawara a kan ƙungiyar makaɗan da ta fi kowacce ɗaukaka, galibi sunan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura, shi ke rufe bakin masu gardama, alhali kuwa fasahar da ta kai waƙoƙinsa fadar Sardauna Ahmadu Bello ba tasa ce shi kaɗai ba. 'Yan amshinsa, waɗanda ke karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa ta bisa kiɗan kotso kamar almajiran da suka haddace allonsu, su ne ginshiƙinta. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, amma har yau kunnena amshin yake bi.