Jinjina ga Masu Auna Tsagar Ƙasa Daga Sama

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai maki 9 ta afka wa Japan. Tsagar da ta haddasa ta tana can ƙarƙashin teku, inda faifan Pasifik ke kutsawa ƙarƙashin ƙasar. Wa zai je can da igiyar awo?

Masanan hukumar safiyo ta Japan sun cancanci yabo. Shekara da shekaru kafin girgizar suna kula da turakun GPS kimanin 1,200 masu sauraron taurarin ɗan'adam dare da rana, aikin da ba kowa ke lura da shi ba. A ranar girgizar, turken da ke Oshika ya matsa mita 5.3 wajen teku, ya nutse mita 1.2. Da aka haɗa da awon gindin teku, sai lissafi ya nuna wani sashen tsagar ya zame kusan mita 50.