Jinjina ga Masu Gyaran Wutar Mota na Agadas

Tun 1984 Toyota ta fito da Land Cruiser samfurin 70, kuma har yau ita ake dogara da ita a hamadar Tenere. Sai dai 'yar fitilar rufin da kamfani ya sa mata ba ta haska baya sosai, inda ake jibge jarkokin ruwa da na man dizal da kayan gyara. Direban da taya ta fashe masa cikin dare tsakanin Agadas da Dirku ya san wahalar laluben jak da sifana, tocila a baki.

A nan masu gyaran wutar mota da ke ƙara fitila a bayan motar suka ci yabo. Manna fitilar LED kowa zai iya, gwanintar tana cikin jan waya. Gwani yakan sa fis dab da kan batir, domin idan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ɗin ya ƙone kafin gobara ta tashi a motar da ke ɗauke da mai. Duk hujin ƙarfen da waya za ta ratsa sai ya cusa masa roba, ya ɗaure ta tamau, saboda girgizar hanya tana cinye fatarta a hankali. Wannan haƙurin nasu ne ya fi burge ni, aiki ne da mai mota ba ya ma gani.

Kafin gwani ya fara yakan duba ko wutar motar bolt 12 ce ko 24. Makunni kuwa bakin ƙofar baya yake kafa shi, kuma fitilar ba ta shan batir sosai ko da an kashe inji ana sauke kaya.