Iyaka ɗaya ko iyakoki da yawa? Sake karatun «Hausaland Divided» ta fuskar aure da kalmominsa

Littafin William Miles mai suna «Hausaland Divided», wanda ya fito a 1994, ya zama abin dogaro ga ɗalibanmu masu bincike a kan bakin iyaka. Hanyarsa mai sauƙin fahimta ce: ƙauyuka biyu maƙwabta na ƙasar Daura, Yardaji a Najeriya da Yekuwa a cikin Magarya, harshe ɗaya, addini ɗaya, sai layin da Tilho da O'Shee suka kafa wa alamomi tsakanin 1906 da 1908 ya raba su. Duk bambancin da aka gani tsakaninsu, ana iya jingina shi ga mulkin Ingilishi ko na Faransi da abin da suka bari. Aikin yana da daraja, kuma marubucin ya zauna cikin mutane, ya ji Hausa. Damuwarmu a nan ita ce yadda ake kwaikwayon hanyar tasa ba tare da tambaya ba, musamman a kan aure.

Hanyar tana ɗauka cewa iyaka guda ce, kuma a tsaye take. Layin ƙasa da ƙasa kam bai motsa ba. Amma wanda ke raba gardamar aure ba ya zaune a kan layin. Yana zaune a hedikwatar wani yanki, kuma yankunan sun yi ta canzawa. Mutumin Yardaji ya kwana a jahar Kaduna ya tashi a jahar Katsina a 1987. Maƙwabtansa na gabas sun bar Kano sun koma Jigawa a 1991. Tun 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun sarakuna, a 2000 kuma Katsina ta mai da su kotunan shari'ar Musulunci. A ɓangarenmu, dokokin 2002 sun mai da «département» ya zama «région», «arrondissement» ya zama «département», Yekuwa ta samu matsayin «commune», sannan a 2011 aka cire Dungas daga Magarya. Ba laifin Miles ba ne rashin ganin abin da ya zo bayansa. Laifin na mai rubuta kundi ne a yau, idan ya ce «hukuma» bai faɗi wace hukuma ba, a wace shekara.

A nan ne harshe ke ruɗa mai bincike. Kalmar «alƙali» ɗaya ce a baki, aiki biyu ne a ƙasa. A Daura, alƙali malami ne da ke hukunci da fiƙihun Malikiyya kai tsaye, da sunansa. A Magarya, wanda ake ce wa alƙali ya karanta dokar Faransi, yana zama da mataimaka masana al'ada, kuma abin da doka ta ba shi izinin aiki da shi a kan aure, saki da gado shi ne «coutume», tun daga dokar 62-11 ta 16 ga Maris 1962. Mu kan fassara «coutume» da «al'ada», alhali abin da mataimakan ke kawowa galibinsa Malikiyyar nan ce dai. Bahaushe kuwa, idan ya ce «al'ada ce», sau da yawa nufinsa abin da ba addini ba. Fassarar ta juya ma'anar ke nan. Ɗalibi ya tambayi dattijo ko da al'ada ake raba aure a nan, dattijo ya ce a'a, da shari'a. Ɗalibi ya rubuta cewa mutane ba su san dokar ƙasarsu ba.

Haka «dot». Dokar Jacquinot ta 1951 ta yi amfani da ita don rage tsadar aure, amma kalmar ta haɗe sadaki, wanda haƙƙin amarya ne kuma sharaɗin aure, da kuɗin gaisuwa da kayan lefe, waɗanda a nan Maraɗi da Damagaram aka fi sani da «valise». Barbara Cooper, a «Marriage in Maradi» (1997), ta fi kula da rarrabe waɗannan kyaututtuka, shi ya sa nake ba ɗalibai shawarar karanta littattafan biyu tare.

Batun shekarun aure shi ne aka fi kawowa don nuna bambancin ƙasashen biyu, kuma shi ne mafi rauni. Dokar Mandel ta 1939 ta sa 14 ga mace, 16 ga namiji. «Code civil» ya sa 15 da 18. Dokar haƙƙin yara ta tarayyar Najeriya ta 2003 ta sa 18, amma sai jaha ta amince take aiki a cikinta. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da goro, bai bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a kowane ɓangare.

Inda bambanci ya kama jiki shi ne bayan aure ya mutu. Shari'ar 2000 ba ta canza ƙa'idar aure a arewacin Najeriya ba, don dama Malikiyya ce. Abin da ta canza shi ne hukuncin cikin da aka samu ba miji. Amina Lawal, bazawara ce daga jahar Katsina, an yanke mata hukuncin jifa a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a Satumba 2003, kuma cikin hujjojin har da kwantaccen ciki, wato yiwuwar cikin na tsohon miji ne. Ranar saki ta zama batun rai da mutuwa. To a ɗauki ƴar Yekuwa da ta yi aure a Yardaji, miji ya sake ta da baki, ta ƙetaro gida ta yi idda. Wa ke riƙe da ranar? Babu takarda a magajin gari, don ba a nan aka ɗaura ba. Babu a kotun can, don ba wanda ya kai ƙara. Idan aka rufe iyaka, kamar daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, shaidun da za su tabbatar da sakin suna wancan gefe, ƴaƴanta ma wataƙila haka.

Kwatanta ƙauye da ƙauye ba ya kama wannan mata, domin a lissafin Yardaji ta fita, a na Yekuwa baƙuwa ce da ta dawo. Mai son ganinta sai ya bi aure guda daga ɗauri zuwa rabuwa, ya rubuta kowane ofishi da aka je da sunan da yake ɗauke da shi a shekarar, ya kuma ajiye kalmomin masu magana yadda suka faɗe su kafin ya sa musu Faransanci.