Sharhi a Kan Sanarwar "Fitowa a Duniya Baki Ɗaya" a Kasuwar Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi nazarin wata jimla guda ɗaya wadda ta zama ruwan dare a sanarwar kamfanonin wasannin bidiyo, watau cewa wasa kaza zai fito a duniya baki ɗaya ran kaza ga watan kaza. Duk wanda ya saba duba jerin wasannin da ke tafe, irin wanda mujallu da kamfanoni kan fitar a farkon shekara, ya san siffarsa: sunan wasa, sunan na'urar da zai hau, sa'an nan kwanan wata. Abin da muke so mu nuna shi ne wannan jeri ya rasa gurbi na huɗu, wanda ya kamata ya gaya wa mai karatu ko su wane ne za su iya sayen wasan a wannan rana. Idan muka ce na'urar wasa, muna nufin akwatin nan da ake jona wa talabijin, irin su PlayStation da Xbox da na'urorin Nintendo, wanda yara kan kira gem. Idan kuma muka ce shiyya, muna nufin rukunin ƙasashen da kamfani ya haɗa wuri ɗaya don sauƙin cinikinsa, ko da kuwa babu abin da ya haɗa su a taswira.

Zamanin kullen da ake gani da ido

A da kamfanonin ba su ɓoye rabon shiyya ba, domin a jikin kayan yake. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan cikin watan Yuli na 1983. Ba ta isa Amurka ba sai 1985, da sabon suna, NES, da sabuwar siffa, sa'an nan ta shiga Turai a 1986 da 1987. Kaset ɗin Japan yana da haƙora 60, na Amurka 72, saboda haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Bayan wannan an dasa wa NES wani ɗan ƙwayar lantarki mai suna 10NES, wanda aikinsa shi ne ya tambayi kaset shaida kafin ya bari wasa ya tashi. Turai kanta an raba ta biyu: Ingila da Italiya a rukuni ɗaya tare da Ostareliya, sauran ƙasashe a wani rukuni, kuma kaset ɗin wannan ba ya aiki a na'urar wancan. A na'urar da ta biyo baya, Super Nintendo ta Amurka, wasu 'yan ƙusoshin roba biyu ne a cikin ramin ke hana kaset ɗin Japan zama, har ma'abota suka gano cewa da filaya ake karya su.

Wani ɓangare na wannan rabo yana da dalili na gaskiya, kuma adalci ne mu faɗe shi. Talabijin ɗin Japan da Amurka yana bin tsarin NTSC, mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na yawancin Turai kuwa PAL ne, mai sau 50. Tun da masu ƙirar wasa a lokacin sukan ɗaura saurin wasan a kan saurin hoton, duk wasan da aka kai Turai ba tare da gyara ba sai ya rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sonic the Hedgehog na 1991, wasan da duk tallarsa a kan gudu take, haka ya isa Turai yana jan ƙafa, har kiɗansa ya yi sanyi. Nijeriya ma PAL take bi, saboda haka wanda ya yi wasa da na'urar da ta zo daga Ingila a shekarun nan, wannan raggon samfurin ya sani, bai kuwa san an rage masa kome ba.

Lambobin da suka ruɗe

Inda lamarin ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne wajen fassara. Wasannin da ke ɗauke da dogon labari su suka fi shan wahalar ƙetare teku, domin rubutun Japananci yana faɗin abu mai yawa a ɗan wuri, Ingilishi kuwa yana bukatar sarari, kuma kaset ba shi da sararin. Kamfani ya kan auna kuɗin fassara da abin da yake tsammanin zai sayar, idan lissafi bai fita ba sai ya bar wasan a gida.

Jerin Final Fantasy shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Na farko ya fito a Japan a 1987, ya isa Amurka a 1990. Na biyu da na uku ba a kai su ba. Da aka zo kai na huɗu a 1991, sai aka ga mutanen Amurka za su tambayi ina biyun tsakiya, saboda haka aka sa masa lamba ta biyu. Aka tsallake na biyar, aka kai na shida a 1994 da lamba ta uku. Da na bakwai ya fito a 1997 da lambarsa ta asali, mai saye a Amurka ya ga an yi tsalle daga uku zuwa bakwai ba bayani. Mutumin Turai kuwa da na bakwai ɗin ya fara, domin ko ɗaya daga cikin shidan farko ba a sayar masa ba a zamaninsu. A nan muna ganin abin ya wuce jinkiri. An gyara tarihin aikin ne don ya dace da abin da aka ga dama aka sayar, kamar a ce mai buga littafi ya cire juzu'i uku daga cikin shida, sa'an nan ya sake wa sauran lamba don kada mai karatu ya lura. Haka aka yi da Super Mario Bros. 2: wanda Japan ta sani da wannan suna tun 1986 daban ne da wanda Amurka ta samu a 1988, wanda asalinsa wani wasa ne mai suna Doki Doki Panic aka sauya wa 'yan wasa.

Wani lokaci ma'abota kan ƙi haƙura. Mother 3 ya fito a Japan a 2006, Nintendo bai fassara shi ba, sai wasu masu sha'awa suka yi aikin da kansu, suka saki fassarar Ingilishi kyauta a 2008. Xenoblade Chronicles ya fito a Japan a 2010, a Turai a 2011, amma bai shiga Amurka ba sai 2012, bayan ma'abota sun yi gangamin rubuce-rubuce da suka kira Operation Rainfall. Abin lura shi ne fassarar Ingilishin tana nan a shirye tun fitowar Turai, ke nan ba harshe ne ya tsare shi ba.

Ƙaurar kulle daga na'ura zuwa asusu

Daga tsakiyar shekarun 2000 abubuwa suka fara sauyawa. Talabijin na zamani ya kawar da matsalar 50 da 60. PlayStation 3 ta 2006 ta karɓi faifan wasa na kowace shiyya, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Pokémon, wanda a farkonsa ya fito a Japan a 1996, Amurka a 1998, Turai a 1999, ya zo ya fito rana ɗaya a manyan kasuwanni ran 12 ga Oktoba 2013, da X da Y. Nintendo, wanda ya fi kowa daɗewa a kan kulle, ya saki Switch a 2017 ba kulle. Daga nan ne jimlar da muke nazari ta sami gindin zama, har masu sharhi da yawa suka ɗauka an rufe babin shiyya.

Mu a ganinmu wuri kawai kullen ya sake. Yanzu babban rabo na ciniki ta intanet ake yinsa, a kantin da kamfanin na'urar ya mallaka, kuma ba a shiga kantin sai da asusu, asusu kuwa ba ya buɗuwa sai mutum ya zaɓi ƙasarsa daga cikin jerin da kamfani ya tanada. Jerin PlayStation Network bai wuce ƙasashe kimanin 70 ba. A Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Mai PlayStation a Kano ko Yamai ko Akara, idan yana son ya sayi wasa daga kantin, dole ya ce shi mazaunin Amurka ne ko Ingila ko Daular Larabawa, ya rubuta adireshin da bai taɓa takawa ba, ya sayi katin kuɗi na wannan ƙasa daga hannun 'yan kasuwa da ribarsu a kai. Ƙa'idojin kamfanin kuwa sun bukaci a ba da bayanin gaskiya. Watau an sayar masa da na'ura, sa'an nan an bar masa hanya ɗaya ta cin cikakken amfaninta, hanyar kuma ta saɓa wa yarjejeniyar da aka sa shi ya amince da ita. Ko faifai ya saya bai tsira sarai ba, domin sau da yawa ƙarin kayan wasa da ake saukewa daga kanti ba ya aiki sai shiyyar faifan ta dace da ta asusun.

Shekaru aka yi ana wannan zama na kowa ya sani amma ba mai faɗa, sai rikicin Helldivers 2 ya tone shi. Wasan ya fito a watan Fabrairu na 2024 a PlayStation 5 da kwamfuta, aka sayar da shi a kantin Steam har a ƙasashen da ba su cikin jerin Sony. A farkon watan Mayu sai Sony ya ba da sanarwar cewa masu kwamfuta ma tilas su haɗa wasan da asusun PlayStation Network. Mutanen da suka biya kuɗinsu wata uku da suka wuce suka wayi gari ana neman su da abin da ba a ba ƙasarsu izinin mallaka ba. Aka janye wasan daga sayarwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Da ƙorafi ya yi yawa Sony ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki, amma ba a mai da wasan kasuwa a mafi yawan wuraren nan ba sai a 2025. Lissafin kansa ya isa sharhi: wuraren da aka cire sun ninka waɗanda aka bari fiye da sau biyu, kuma wannan wasa yana daga cikin waɗanda aka ce sun fito a duniya baki ɗaya.

Hujjojin kamfanoni

Ba mu ce kamfanonin ba su da abin faɗi ba. Buɗe kanti a ƙasa yana tafe da haraji, da dokar kare mai saye, da hanyar karɓar kuɗi, da ma'aikatan sauraron koke. Akwai kuma hukumomin tantance shekarun mai wasa, ESRB a Amurka tun 1994, CERO a Japan tun 2002, PEGI a Turai tun 2003, kowace da ma'auninta. Wani lokaci ma gwamnati ce ke rufe ƙofa: Sin ta hana sayar da na'urorin wasa a shekarar 2000, ba ta sassauta ba sai 2014, ta ɗage hanin gaba ɗaya a 2015. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma suna iya bayyana dalilin da ya sa PlayStation 5, wadda ta fito a Amurka da Japan ran 12 ga Nuwamba 2020, ba ta isa Indiya ba sai Fabrairu na 2021.

Amma hujjar tsada tana bayyana rashin kanti ne kawai, ba ta wanke lafazin sanarwa ba. Ɗan kasuwa yana da ikon ya ce ba zai kai kayansa wani gari ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya yi shela cewa ya kai ko'ina. Kuma mun ga cewa idan kamfani ya so, ya iya faɗin iyakar kayansa dalla-dalla. Da Nintendo ya fitar da Switch 2 ran 5 ga Yuni 2025, ya yi wa Japan samfuri biyu: ɗaya a kan yen 49,980, wanda Japananci kaɗai yake ji, kuma asusun Japan kaɗai yake karɓa, ɗaya kuma mai harsuna da yawa a kan yen 69,980. Faɗuwar darajar yen ce ta jawo haka, don kada 'yan kasuwar waje su kwashe mai arahar. Kulle ne sosai, har ma da harshe aka yi makullinsa, amma an rubuta shi a jikin kwali, mai saye ya san abin da ya ɗauka. A nan mun fi ganin mutunci bisa ga kullen da ba a ambata sai bayan an karɓi kuɗi.

Laifin bai tsaya ga kamfanoni ba. Masu rubuta jerin wasannin da ke tafe, a mujallu da jaridu, sukan kwafe kwanan watan yadda aka ba su, domin su kansu a cikin ƙasashen nan 70 suke zaune, tambayar ba ta taɓa taso musu ba. Mu ma da muke fassara irin waɗannan labarai zuwa Hausa muna maimaita jimlar ga mutanen da ba ta shafa ba. Abin kuma yana ƙara nauyi ne saboda faifai, wanda shi ne mafitar mutanen da ke wajen jeri tun da ana iya sayo shi daga Dubai ko London a jaka, yana ja da baya. An yi PlayStation 5 marar ramin faifai, Xbox Series S ba ta da shi sam, wasu kaset ɗin Switch 2 kuma makulli ne kawai, wasan kansa sai an sauke shi ta intanet.

A watan Nuwamba na 2025 kamfanin Rockstar ya ba da sanarwar ɗage Grand Theft Auto VI daga 26 ga Mayu zuwa 19 ga Nuwamba 2026, a PlayStation 5 da Xbox Series. Jaridu sun yi ta lissafin watanni shidan da aka ƙara wa masu jira. Mai gidan gem a Sabon Gari, wanda cinikinsa ya dogara ga samun sabon wasa kafin maƙwabcinsa, lissafinsa daban ne: ko dai ya biya da katin wata ƙasa a asusun da ke ɗauke da adireshin aro, ya kwana yana sauke wasan idan wuta da intanet sun yarda, ko kuwa ya jira ɗan kasuwar da zai shigo da faifan, ya biya farashin da canjin dala na wannan mako ya yanka.