Fatakar 1959 da Dalar Gyadar 1973

Kwanan nan samari sun tashi haiƙan wajen neman tsofaffin kuɗin ƙarfe. A Rano da Kibiya za ka ji ana tambayar tsofaffi ko akwai sauran anini a ƙasan adaka, ko sisi a tsohon asusu. Abin ya burge ni, sai dai yawancinsu riba suke hange, don an cika musu kunne a Facebook cewa kwabo mai huda zai sayi mota. Ba zai saya ba. An buga irinsa da yawan gaske, kuma abin da ya yi yawa ba ya tsada.

Ni a ganina, wanda zai tara, ya bar rububin kuɗin sarakunan Ingila, ya nemi na farkon ƙasarmu. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, a shekarar kuma aka fito da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka masu sunan Tarayyar Nijeriya. Ɗora su a tafin hannu ka juya bayansu. Taro, mai kusurwa goma sha biyu, auduga ce a jikinsa. Sisi koko, sule kwakwar manja, fataka kuwa gyada. Wato an raba wa kowane yanki amfanin gonarsa, kuma mafi girma a cikinsu ya faɗo wa manomin gyada irin na ƙasar Rano, wanda buhunansa suka tayar da dala a Kano.

Amma juya gaban fatakar, kan Sarauniya Elizabeth ne. Da shi aka yi ta cefane har bayan ƙasar ta zama jamhuriya a 1963. Gana ba ta yi wannan jinkirin ba, tun 1958 ta sa kan Nkrumah a nata. Shi ya sa nake ɗaukar kuɗin da aka fito da su ranar 1 ga Janairu, 1973, zamanin Gowon, a matsayin na farko da suka zama namu gaba da baya. Tambarin ƙasa ya maye gurbin Sarauniya. Kwabo ashirin da biyar na ɗauke da dalar gyada, a daidai lokacin da fari da cutar gyada ke shirin rushe ta, kwabo ɗaya kuma rijiyar mai. Kusan babu mai neman waɗannan, wai ba su tsufa ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wanki. Yaro zai samo sule da dattin shekara sittin, ya dirje shi da toka da lemon tsami har ganyen kwakwar ya shafe, wai don ya yi ƙyalli. Masu tarawa na gaske ba sa son wankakke. A naɗe kowanne a takardarsa, a rubuta shekararsa da gidan da ya fito, a kuma tambayi Baba ko Iya mudu nawa na dawa yake saye a kasuwar Rano tun suna da ƙarfin ba da amsa.